Madugu Mai Ƙafa Uku

Kakana Sidi ne ya ce in rubuta wannan, wai duk gidanmu ni kaɗai ke sauraren magana har ƙarshenta. Shagonsa na gyaran kayan kuran, wato lantarki, yana bayan tsohuwar kasuwar Agadas, ɗaki ɗaya ne na laka, ƙofarsa na kallon gabas. Tun ina ƙaramar lakwal, wato firamare, nake tsayawa can in an tashi, in zauna kan wata tsohuwar tele, wato talabijin, da aka kwashe kayan cikinta, in yi aikin gida. Abin da na gani da idona zan faɗa yadda na gan shi. Wanda ban gani ba kuma zan faɗa yadda ya ba ni.

Yaya Bashir ne ya jawo rubutun. Yana da rumfar gyaran salula a bakin tasha. Wata rana ya shigo shago ya ce, "Tsoho, gyara yanzu ai ba wuya. Ka kalli bidiyo, ka cire pus, ka sa wata, shi ke nan."

Kaka bai ko ɗago kai ba. Ya ce da ni, "Uwargida, kin ji ɗan ƙwacen nan? Ɗauko bik ɗinki ki rubuta."

Pus shi ne sunan da masu gyara ke kiran ƙananan baƙaƙen abubuwan nan masu ƙafafu da ke manne a allon cikin na'ura. Mushenmu, malamin Faransanci, ya ce ma'anar kalmar ƙuma. Kaka ya ce sunan ya dace, don in ba ka kama ta daidai ba sai ta yi tsalle ta ɓace cikin yashi.

Uban Kaka maƙerin azurfa ne, a maƙera ya fara koyon liƙi. Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi wurin Maigida Ilya, wani Badamagare mai gyaran radiyo. Shekara biyu bai taɓa cikin radiyo ba. Aikinsa gasa ƙarfen liƙi a gawayi, don kuran bai iso shagon ba, sannan ya kawo ƙarfen kusa da kumatunsa ya ji ko ya yi zafi daidai. Radiyon farko da aka bar masa na wani mai kilishi ne. Ya yini yana cire abubuwa yana mayarwa. Da la'asar Ilya ya karɓa, ya kankare tsatsar da ke jikin ƙarfen da ke danne batir, radiyo ya kama magana. Ya ce masa, "Na'ura raƙuma ce. Kafin ka ce ba ta da lafiya, duba abin da ta ci." Kaka ya ce duk sana'ar tana cikin maganar nan, kuma ranar da ya manta da ita ce ya ga ta kansa.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai mita mai allura da ya gada daga Ilya, gilashinta ya tsage ta gefen hagu, wani baduku ya ɗinka mata rigar jar fata. Da ita yake auna ƙarfin kuran, abin da suke ce wa tansiyo. Akwai hantsakin ubansa na maƙera, da gilashin ƙara girman abu, da ƙarfen liƙi mai siririn baki da ba ya ba kowa aro. Akwai asuwaki guda da ya fere bakinsa kamar tsinke, ba ya goge haƙori da shi. A can saman kanta kuma akwai wani gwangwanin shayi. In aka girgiza shi yana ƙara kamar da gero a ciki.

Gwangwanin nan na shekarar zinariya ne, lokacin ban yi wayo ba. Ga yadda Kaka ya ba ni labarin.

"Da aka ga zinariya a arewa, garin nan ya haukace. Kowa yana neman na'urar nan da ake bin ƙasa da ita, in ta ji zinariya ta yi kuka. Apare ake ce mata. Na farko da ya kawo mini tasa Agali ne, Ba'abzine, mai tuƙa mota tsakanin nan da Dirku. Shi da ƙannensa biyu suka haɗa ƙarfi suka saye ta. In ka danna, sai ta yi ƙyas ta ɗauke. Na auna batir, na ga kusan cike yake. Na bi layi na bi layi, sai na iske wata ƴar pus mai ƙafa uku, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ta riƙe ƙwaƙwalwar na'urar ta hana ta tashi. Na ce, ke ce? Na sa ƙarfe na ɓalle ta. Apare ta tashi tangaram. Agali har rungume ni ya yi.

"Labari ya bazu. Kullum layi a ƙofar nan. Ni kuwa sai ɓallewa nake ina jefawa cikin gwangwani. Abin da ban yi ba shi ne in auna batir lokacin da na'urar ke jan kuran. A zaune yake nuna ƙarfi. Zafin sahara ya riga ya dafa shi, da an ɗora masa kaya sai ya durƙusa. Ƴar pus ɗin nan ta gani, ni ban gani ba. Can a Cibarakatan, wurin haƙar zinariyar, da batir ya rage ƙarfi, babu mai tsayar da ƙwaƙwalwa. Ta ci gaba da aiki da yunwa, tana rubuta shirme a inda take ajiye abin da ta sani, har ta manta kanta. Irin wannan mutuwar ba a tashi daga ita."

Bayan wata biyu masu apare suka fara dawowa. Agali ya tsaya a bakin ƙofar shagon, ranar kasuwa cike, ya yar da aparensa a ƙasa ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! Kwana uku muka yi a hanya, kwana biyu ta yi aiki. Wannan ba mai gyara ba ne, mahauci ne!" Sunan ya bi Kaka. Shekara guda ba a kawo masa komai ba sai tocila da tsofaffin radiyo. Agali kuwa, tun daga ranar, in ya biyo ta layinmu sai ya ja rawaninsa sama har ƙarƙashin ido ya bi ɗaya gefen. Wannan na sha gani da idona, shekara da shekaru, kafin in san dalili.

Cikin waccan shekarar ne wani tsoho mai suna Gumur ya kawo radiyonsa. Ya yi shekaru yana jan ayarin gishiri zuwa Bilma kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya tambayi abin da ya kori mutane daga shagon, Kaka ya gaya masa gaskiya, har ya zuba masa pus ɗin a tafin hannu. Gumur ya daɗe yana kallon su.

Ya ce, "To ai madugai ka kashe."

"Wane irin madugai, Baba?"

"Madugu ba ya ɗaukar kaya. Ba ya jan ruwa a rijiya. Baƙo in ya gan shi sai ya ce ba ya aikin komai sai hana mutane tafiya. Amma shi ne ke zagayawa ya taɓa igiyar kowane kaya kafin ya ce a tashi. Kuma ba a tashi gaba ɗaya. Na gaba ya miƙe, ya tsaya daidai, sannan na bayansa. In kayan raƙumi ɗaya ya karkace a tsakiyar saharar Tenere, duk ayari yake tsayarwa. Masu gaggawa ba sa son sa. Na san inda ƙasusuwan wasunsu suke."

Kaka ya ce a ranar ya fara koyon sana'a karo na biyu, yana da furfura. Ya sa aka buga masa takardun bayanin pus ɗin a siber, shagon intanet. Da Ingilishi suke, sai wani mushen lise, malamin sakandare, ya riƙa fassara masa, shi kuma yana gyara masa kayan gidansa. Ya gano madugu iri biyu ne. Ƙaramin mai ƙafa uku ne: ƙafa ɗaya tana ɗanɗana kuran, ɗaya tana ƙasa, ta ukun tana riƙe da akalar ƙwaƙwalwa. In kuran bai kai yadda ake so ba, ba zai saki akalar ba. In ya kai ma sai ya ɗan jira, ya tabbata ba ruɗi ba ne. Babban madugu kuma yana cikin manyan na'urori, waɗanda ke cin kuran iri uku ko huɗu, kowane da ƙarfinsa. Shi ke ta da su bi da bi, tsakaninsu ɗan jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba. In na uku ya riga na biyu, kuran zai shiga babbar pus ta ƙofar da ba tasa ba, ya ƙona ta. Daga nan Kaka bai sake ɓalle ko ɗaya ba. Mutane suka dawo sannu a hankali, da regilater mai daidaita kuran na hasken rana, da firigo na sanyaya ruwa, da tele. Agali dai bai dawo ba.

Aikin da na gani da idona na bara ne, ƙarshen damina, wata Asabar da hantsi. Ina zaune kan telena sai ga Yaya Bashir ya shigo da sauri, ɗauke da wata na'ura kamar ƙaramin akwati, an riga an kwance bayanta. Wata mata mai farin tabarau tana biye da shi.

"Tsoho, ara mini ƙarfenka mai siririn baki. Minti biyar."

"Me za ka kashe da shi?"

"Ba kisa ba ne, gyara ne. Pus ɗin da ke raba kuran ta mutu. Na auna, ba abin da ke fita. Waya ɗaya zan ɗaura in tsallake ta."

Matar ta gaida Kaka ta ce sunanta Habsu, ungozoma ce a wani ƙaramin ɗakin haihuwa a Ingal. Na'urar ta eko ce, wadda ake duba ɗa a cikin uwa da ita. Ta ce, "Baba, ran Talata makiyaya za su fara sauka don taron shan gishiri. Akwai matan da ba sa ganin ma'aikacin lafiya sai a taron nan. In na aika da ita Yamai, sai an watse za ta dawo."

Sai muka ji murya daga waje. "Madam, tun a hanya na gaya miki. Kowa a garin nan, ban da wannan."

Agali ne. Shi ya ɗauko ta daga Ingal. Ya kai ta tasha don ya kauce wa Kaka, bai san mai rumfar jikansa ne ba. Yana tsaye a rana, taki ɗaya daga inuwar ƙofa, ya ƙi shigowa. Maƙwabtanmu, mai ɗinki da mai sayar da batir, sun riga sun fito suna kallo.

Kaka ya juya ga matar. Ya ce, "Ɗiyata, yaushe take ƙin tashi?"

"Da can da rana kaɗai. Da safe in da sanyi takan tashi. Tun shekaranjiya ko da safen ta daina."

"In kin danna me kike ji?"

"Iskar cikinta takan juya kaɗan ta tsaya."

"To madugun ba matacce ba ne. Matacce ba ya ta da iska ya kashe ta. Abokina, ajiye ta nan. Kai da mitarka mai lamba kun zo bayan an watse, kuka ce ba a yi taro ba."

Ya zare mitarsa daga rigar fata. Ya nuna wa Yaya Bashir wurare uku a jikin allon, kusa da wata pus mai ƙafafu da yawa, ya ce shi ya riƙa danna maɓallin in an ce ya danna. A wuri na farko allura ta tashi tsaye ta kai inda ya kamata, ta ɗan tsaya, ta faɗi. A na biyu ta yunƙura, ta kai rabi, ta yi rawa kamar kan ƙadangare, ta koma. A na uku ko motsi ba ta yi ba.

"Ka gani? Na farko ya miƙe. Na biyu ya kasa. Madugu ya ce na uku ya zauna, ya durƙusar da kowa. Wayar da za ka ɗaura ita ce za ta ta da na uku da ƙarfin tsiya. Da yanzu Madam tana shaƙar hayaƙi."

Yaya Bashir ya sosa ƙeya. Ya ce, "To a bidiyon..."

"Mai bidiyon ya taɓa bin hanyar Ingal?"

Kaka ya maƙala bakin mitar a wuri na biyu, ya ɗauko asuwakinsa. Ya riƙa danna abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya da bakin tsinken, Yaya Bashir yana kunnawa, shi kuma idonsa na kan allura. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ba abin da ya sake. Madam Habsu ta cire tabarau ta goge ta mayar. A na goma sha biyu tsinken yana kan wani ɗan dunƙule mai toka-toka da suke ce wa bobin. Allura ta tashi ta tsaya cak. Iska ta ci gaba da juyawa. Ya ɗage tsinken, komai ya ɗauke.

Ya miƙa wa Yaya Bashir gilashi, sannan ya miƙo mini. A gindin bobin ɗin, cikin dalmar da ta riƙe ƙafarsa, akwai tsaga da ta zagaye ta kamar zobe, ba ta kai kaurin gashi ba. Girgizar mota ce ta fara ta, zafi kuma ke buɗe ta. Kaka ya kawo ƙarfensa kusa da kumatu, ko da yake yanzu na kuran ne, ya share tsohuwar dalmar, ya zuba sabuwa. Bai kai minti biyu ba. Ya auna batirin na'urar tana kunne, tana jan kuran, ya ce lafiyarsa lau. Fuskar na'urar ta yi haske.

Madam Habsu ta ce, "Alhamdu lillahi! Agali, ta da mota."

Kaka ya dafa na'urar. "Ba inda za ta sai bayan azahar."

"Kin ji ko?" in ji Agali daga waje. "Ga hanya a gabanmu, shi yana wasa."

A nan ne Kaka ya dube shi, karo na farko. Ya ce, "Agali, taka ma ta tashi a kan teburin nan, ka tafi kana murna. Wannan ba za ta bar garin nan ba sai ta sha hanya ta sha rana. Sa ta a bayan motarka, ka bi hanyar da ta fi kowace muni, ka je bayan gari ka dawo. Kada ka tausaya mata."

Na ga yatsun Agali suna wasa da makullin mota. Sannan ya shigo, taki biyu, ya ɗauki na'urar ya fita.

Bai dawo ba sai da aka sauko daga sallar azahar. Daga ganin ƙurar da ke jikin motar ya bi maganar Kaka har ya ƙara da tasa. Akwatin ya yi zafi, da ƙyar ake riƙe shi. Layinmu ya cika, har mai shayi ya bar tukunyarsa. Kaka ya ce Agali ne zai danna da hannunsa. Ya danna. Iska ta juya, ba ta tsaya ba. Fuska ta kawo. Kaka ya ce ya kashe ya sake. Sau goma ana yi, sau goma tana tashi.

"Saura a ga ko tana gani," in ji Madam Habsu. Ta waiga, ba mace mai ciki a wurin. Mai ɗinki ya ce, "Ga Agali nan, ai tumbinsa ya kai wata bakwai!" Kafin ya yi gardama an zaunar da shi kan buhu. Ta shafa masa mai, ta ɗora abin dubawa. Wasu inuwoyi suka fito suna motsi.

"Madam, mace ko namiji?" in ji mai shayi.

"Shayi ne kofi uku da rabin akuya."

Aka fashe da dariya. Agali ya ja rawani ya rufe fuska, amma kafaɗunsa suna rawa. Ya ɗauki na'urar ya kai mota, suka tafi. Bai yi wa Kaka sallama ba.

Bayan sati biyu, ran wata Alhamis da na taso lakwal, na iske motarsa a bakin layinmu. Yana tsaye daidai wurin da mai ɗinki ya ce ya tsaya shekarun baya. Ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji.

"Ina Madugu?"

Kaka ya amsa daga ciki, "Madugu ya rasu, Allah ya jiƙan Gumur. Sai dai mahauci, in shi kake nema."

Agali ya cire takalmi ya shigo. Ya ajiye ƙullin dabinon Ingal a kan tebur. Ya sauke rawaninsa ƙasa da haɓa, ranar na fara ganin bakinsa. Ya ce na'urar ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba har aka watse. Ya ce a rana ta uku Madam ta duba wata Bafulatana ta ga tagwaye, ɗaya a gicciye, ta ce a kawo ta babban gari tun kafin naƙuda. Shi ya tuƙo ta. An yi mata aiki, ita da ƴaƴan duk suna nan lafiya.

Kaka ya ce, "Madalla." Ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin shayi, ya zuba abin da ke ciki a tafinsa. "Naka yana cikin nan. Ban san wanne ba ne."

Agali ya kalle su, ya tura hannun Kaka a hankali ya mayar. "Bar su wurinka. Kana da jikan da za ka riƙa nuna wa."

Sannan ya sa hannu cikin aljihun gaban rigarsa ya fito da wata salula mai kaurin eriya, irin wadda ke kama tauraro inda babu layi. Duk mai shiga Tenere ya san ita ce tsakaninsa da ƙishirwa in mota ta lalace. Ya ajiye ta a gaban Kaka.

"Tana ɗaukewa. Duba mini abin da ta ci."

Kaka ya juya ta, ya jawo mitarsa. "Sai gobe bayan azahar."

"Ko jibi," in ji Agali. Ya jawo buhu ya zauna, ya leƙa waje ya ce wa mai shayi ya kawo uku.